Daga Landuroba Zuwa V8: Tarihin Babbar Jif da Abin da Take Ci a Hannun Mai Ita



Kusan kowace unguwa a Kano, Kaduna, Sakkwato ko Maradi akwai gidan da za mu iya nunawa inda wata babbar jif take fake a ƙofa, ƙura ta lulluɓe ta, tayoyi sun sace, awaki suna shan inuwa a ƙarƙashinta. Ranar da aka kawo ta unguwa ta yi ta tururuwar zuwa sa albarka. Yau idan muka tambaya, sai a ce mana ai injinta ƙalau yake, wani abu guda ne ya lalace, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin mai ita. Ga shi ba ya son sayarwa, don abin da dillalai ke tayawa bai kai rabin abin da ya kashe ba.

Abin mamakin shi ne, wannan irin mota asalinta an ƙera ta ne domin soja da manomi su gyara ta a gindin bishiya da sifana da guduma. Yaya aka yi ta koma abin da ke gagarar mai albashi? Bari mu bi tarihin daga farko, domin a cikinsa ne za mu ga yadda ya kamata a auna darajarta.

YAƘI NE YA HAIFE TA

A shekarar 1940, Yaƙin Duniya na Biyu yana ci, rundunar sojan Amurka ta nemi ƙaramar mota mai sauƙin nauyi wadda ƙafafunta huɗu duka suke ja, ta shiga laka da rairayi ta fita. Wani ƙaramin kamfani mai suna Bantam ne ya fara kawo samfuri, amma Willys da Ford su ne suka ƙera mafi yawa, fiye da dubu 600 kafin yaƙin ya ƙare a 1945. Sojoji suka riƙa kiranta Jeep. Daga nan muka samo kalmar jif, wadda yau muke kiran kowace doguwar mota da ita, ko ta Toyota ce ko ta Lexus. 'Yan uwanmu na Nijar kuwa kat-kat suke cewa, daga Faransanci, ma'ana huɗu-huɗu.

Wannan jif ta farko ba ta da ƙofa, ba ta da rufin ƙarfe, kujerarta kamar benci. Amfaninta shi ne duk sojan da ya iya riƙe sifana zai iya tayar da ita idan ta tsaya.

LANDUROBA DA ZAMANIN RANGADI

Bayan yaƙi, wani injiniyan kamfanin Rover na Ingila, Maurice Wilks, yana amfani da tsohuwar jif ta soja a gonarsa da ke tsibirin Anglesey. Ya ga in ta mutu ba shi da madadinta, sai shi da ɗan uwansa Spencer suka yanke shawarar ƙera tasu. A lokacin gwamnati na rabon ƙarfe da awo saboda ƙarancinsa, don haka suka yi bodin da alminiyam, abin da ya zo ya zama alheri, tunda ba ya tsatsa. Ranar 30 ga Afrilu 1948 aka baje Land Rover ta farko a birnin Amsterdam. Har da wurin jona injin gona aka yi mata, don an ɗauke ta rabin mota ce rabin tarakta.

Ita ce iyayenmu da kakanninmu suka sani da Landuroba. A shekarun 1950 da 1960 kwalta ba ta wuce 'yan manyan hanyoyi ba, sauran duk burji ne da turba, da damina kuwa wasu garuruwan sai a yi makonni mota ba ta shiga ba. Landuroba ce ke kai Di'o rangadi, ita ke kai malamin gona, da masu yi wa shanu allurar bushiya, da ma'aikatan asibiti, da 'yan sanda. Ƙauyuka da dama ita ce motar farko da suka taɓa gani. Kafin ita doki ne ke wannan aiki, kuma mutane sun ɗauke ta kamar yadda suka ɗauki dokin hakimi: abin hawan hukuma, wanda in ka hango ƙurarsa ka san akwai magana.

Direbobin wancan zamani kusan duk rabin makanikai ne. Mutum zai tashi da safaya biyu, da jarkar ruwa, da igiya, da shebur, da fulogi a aljihu. In kafireto ta toshe, a kwance a busa a mayar. Ba wanda ke tunanin kiran wani daga birni, don ba wayar da za a kira shi da ita.

YADDA TOYOTA TA ƘWACE DAJI

Can a Japan, a 1951, lokacin yaƙin Koriya, Toyota ta ƙera wata mota mai suna BJ da fatan samun kwangilar 'yan sandan ko-ta-kwana na ƙasar. Ba ta samu kwangilar a karon farko ba, amma direbanta na gwaji, Ichiro Taira, ya hau da ita har zango na shida na dutsen Fuji, inda mota ba ta taɓa kaiwa ba. Da Willys ta yi ƙorafin ana amfani da sunanta na Jeep, sai a 1954 aka raɗa wa motar Land Cruiser. A 1960 aka fito da zubi na 40, mai gajeren jiki da fararen rufi, wanda aka yi ta ƙerawa har 1984.

A daidai wannan lokaci ita kuwa Land Rover ta faɗa cikin rikici. A 1968 aka haɗe ta cikin babban kamfanin British Leyland, wanda yajin aiki da asara suka yi wa katutu har gwamnatin Birtaniya ta karɓe shi a 1975. Inganci ya ja baya, mai saye ya yi ta jiran mota wata da watanni, kayan gyara su yi wuyar samu. Toyota kuwa duk ƙasar da ta shiga sai ta kafa wakilai da rumbun kayan gyara, ta tura injiniyoyi su ga abin da ke karyewa su koma su gyara shi a zubi na gaba. Daga Ostireliya har Afirka aka shiga yi wa Landuroba ba'a cewa in kana son shiga daji ka hau ta, in kana son dawowa gida ka hau Land Cruiser.

Mu lura da wannan da kyau, domin shi ne zuciyar maƙalar. Landuroba ta iya hawan dutse da ratsa laka, har gobe masana na yaba mata a kan haka. Abin da ya kayar da ita a kasuwar Afirka shi ne yawan zuwa gareji da wahalar samun abin da za a sa mata in ta je. A gaban bakanike aka yanke wannan shari'a.

SAHARA TA BA DA SHAIDA

A ƙarshen Disambar 1978 wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya buɗe tseren Paris zuwa Dakar, wanda ya ratsa Aljeriya ya biyo ta Agadas da Yamai. Range Rover ce ta zo ta ɗaya a ajin motoci a karon farko. Daga baya Mitsubishi Pajero, wadda ta fito a 1982, ta mamaye tseren har ta ci sau 12. Shekaru da dama mutanen Agadas suna ganin waɗannan motoci suna wucewa, kuma makanikan garin sun ƙware a kan kat-kat ƙwarewar da ake zuwa nema daga nesa.

Shaida mafi girma kuwa daga Chadi ta zo. A 1987 sojojin Hissène Habré, ƙarƙashin kwamanda Hassan Djamous, suka fuskanci rundunar Libiya mai tankoki da jiragen sama. Faransa ta ba su ɗaruruwan motocin Toyota a-kori-kura, aka ɗora musu makamai masu fasa tanka. Ranar 2 ga Janairu suka afka wa garin Fada, kuma bisa abin da aka ruwaito Libiya ta rasa tankoki kusan 100, su kuwa Toyota uku kacal suka rasa. A watan Maris suka karɓe sansanin Wadi Dum. Har yau littattafan tarihi Yaƙin Toyota suke kiran wannan yaƙi. Abin baƙin ciki, wannan juriya da ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji suka dogara da Land Cruiser zubi na 70, wanda ake ƙerawa tun 1984 har yanzu, ita ce ta sa masu tayar da ƙayar baya a yankinmu suke farautarta.

DAGA KAYAN AIKI ZUWA BABBAR RIGA

Range Rover ta farko da ta fito a 1970 ƙofa biyu gare ta, kujerunta na roba, shimfiɗar ƙasanta ma roba, yadda manomi zai sa tiyo ya wanke cikinta. Amma attajirai suka yi caa a kanta, kamfani ya ga inda kuɗi yake, sai aka shiga ƙara fata da katako da iyakwandishan. Sauran kamfanoni suka bi sahu. Toyota ta raba gida biyu: zubi na 70 ya ci gaba da aikin daji, zubi na 80 da na 100 da na 200 suka riƙa ƙara girma da ƙawa, Prado ta fito a 1990, aka kuma yi wa babbar kwalliya aka sa mata sunan Lexus LX.

A Najeriya ba nan da nan jif ta zama motar manya ba. Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa tsarin rage facaka wanda ya mayar da Fijo 504 motar manyan jami'an gwamnati. A Ibadan kamfanin Leyland na harhaɗa Land Rover, amma motar alfarma a idon jama'a Marsandi ce. Bayan komawa mulkin farar hula a 1999 ne muka ga ayarin baƙaƙen jif masu baƙin gilashi da jiniya ya zama alamar mulki, har ta kai ɗan siyasa ba ya jin ya isa sai ya shiga Prado, in ya ƙara gaba ya shiga V8.

A 2023 an yi ta cece-kuce a kan jif-jif da aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya, waɗanda jaridu suka ce kowace ta kai kimanin naira miliyan 160. Hujjar da aka bayar ita ce hanyoyin ƙasar sun lalace, ƙaramar mota ba za ta jure ba. Hujjar gaskiya ce, kuma a nan ciwon yake. Landuroba ta zo ne lokacin da ba a yi hanya ba tukuna. Yanzu an yi hanyar ta mutu, masu ikon gyara ta sun sayi motar da ba za su ji ramin ba.

Abin da ya faru da doki ke nan. Da can abin yaƙi ne da tafiya, yau na hawan sallah ne. Kuma duk wanda ya taɓa ajiye doki ya san kuɗin sayensa shi ne ƙarami a kan harawa da dusa da kanwa da mai kula da barga.

KWATANO, PANTEKA DA ƘOFAR RUWA

Mu talakawa da masu matsakaicin hali ta wata ƙofa muka shiga wannan tarihi. Bayan tsarin SAP na 1986 naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, kamfanonin harhaɗa motoci suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Sai kasuwar tokumbo ta buɗe, motoci na sauka a tashar Kwatano ana shigo da su, wasu ta Legas wasu ta Nijar, har gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017. Ta haka jif ɗin da wani ya gama mora a Turai ko Amurka shekara goma sha biyar take isowa hannunmu da farashin da za mu iya kaiwa.

Farashin saye ne ya sauko, na gyara yana nan inda yake. Motar da aka ƙera don mai kuɗi, kayan gyaranta na mai kuɗi ne ko da ta tsufa. Tsohuwar Land Cruiser mai injin gas na 1HZ, silinda shida, ba ta da kwamfuta, kowane bakanike a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano ya san ta ciki da bai, kayanta kuma suna nan jibge har Ladipo ta Legas. Ta zamani kuwa cike take da na'urori. Range Rover tun shekarun 1990 a kan balan-balan na iska take zaune, ranar da suka fashe sai ka wayi gari ka ga mota ta durƙusa kamar raƙumi. Wasu Lexus LX da mai na musamman suke ɗagawa da sauka, in an ɗura musu wanda ba nasu ba an gama da su. Sabon injin gas ba ya jure gurɓataccen mai, nozul ɗaya sai ta ci albashin wata.

Mu ma da namu laifin. Mun sha ganin an cire na'urar daidaita zafin inji an jefar wai ƙasarmu da zafi, an cika lagireto da ruwan rijiya har ya yi tsatsa ya toshe. Mun ga an kwance furofelar gaba wai don a rage shan mai, an mayar da jif mai jan ƙafa biyu, ga nauyi ga shan mai ga rashin amfanin da aka saye ta dominsa. Mun ga an sa tayoyi masu girma daban-daban a motar da ƙafafunta huɗu ke ja kullum, giya ta yi ta cin kanta a hankali. Injin V8 mai lita 4.7 na Land Cruiser 100 da LX 470 da bel yake aiki, wanda ake canzawa wajen kilomita dubu 150, amma da yawanmu sai ya tsinke a kan hanyar Abuja muke sanin akwai shi.

Wani ɗan uwanmu ya kwashe kusan duk giratutinsa ya sayi irin wannan mota daga wurin wani dillali, fenti na sheƙi, ciki na ƙamshi. Wata uku wuta ta fara rikicewa, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe mota ta ƙi tashi. Mai gyaran wuta na ɗaga kafet sai ga busasshiyar laka da tsatsa a kan wayoyi: ambaliya ce ta cinye ta a can ƙasar da ta fito, aka yi gwanjonta, aka wanke aka turo mana. Araha ba ta ado. Yau tana cikin waɗanda muka ambata a farkon maƙala, kuɗin da ya kamata ya zama jarinsa na tsufa yana tsaye a ƙofar gida.

LISSAFIN DA YA CANZA A 2023

Shekaru da dama tallafin mai ne ke rufa mana asiri. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin hukuma har ta wuce 1,500 a farkon 2024, kuma kowane kayan gyara da dala ake shigo da shi.

Mu yi lissafi. Land Cruiser 200 mai tanki biyu tana ɗaukar lita 138. A kan naira 190, cika ta bai wuce dubu 27 ba. A kan naira 1,000 kuwa dubu 138 ne, kusan ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka amince da shi a 2024. V8 a cikin cunkoson gari da kyar take ba da kilomita biyar zuwa shida a lita. Ita kanta Toyota da ta fito da zubi na 300 a 2021 ta ajiye V8 ta koma V6.

TO, NAWA CE DARAJARTA?

Ba mu ce kowa ya guje ta ba. Mai gona a cikin fadama, da ɗan kwangilar da ke shiga ƙauyuka da damina, da likitan dabbobi, da mai zirga-zirga tsakanin Agadas da Dirku, waɗannan jif na biyan kanta, kuma Land Cruiser da aka riƙe da kyau tana cikin motocin da suka fi riƙe farashi idan an tashi sayarwa. Amma wanda tafiyarsa daga gida zuwa ofis ce da kai yara makaranta a kan kwalta, yana biyan kuɗin ƙarfin da ba ya amfani da shi.

Wanda ya ƙudura sai ya saya, tarihin nan ya bar masa tambayoyin da suka raba Landuroba da Toyota. Akwai bakaniken da ya san wannan zubi a garinku, ko sai an ɗauko wani daga Legas? Kayanta na nan a kasuwa, ko sai an yi oda an jira? Kafin a biya, a je kasuwar kayan gyara a tambayi kuɗin taya huɗu, da shoka huɗu, da giyabos na tokumbo, a haɗa, in jimillar ta tayar da hankali to amsa ta fito. A tafi da bakanike na kanka, ban da na dillali. A ɗaga motar a duba shasi, domin wadda ta fito daga ƙasashen ƙanƙara gishirin da suke zubawa a hanya yana cin ƙarƙashinta. A ɗaga kafet. A sa giyar ƙafa huɗu a ji ta shiga ta fita. A bincika lambar shasi mai harufa da lambobi 17 a intanet, sau da yawa tarihin haɗari ko ambaliya yana fitowa, musamman ga waɗanda suka zo daga Amurka. A tabbatar takardun kwastan na gaske ne. Sannan a bar wani kaso na kuɗin a ajiye domin gyaran shekarar farko, kuma kada a taɓa kuɗin makarantar yara ko jarin kasuwa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Muna da direbobi da makanikai da dillalai a wannan zaure, kuma sun fi mu sanin abin da ke ƙarƙashin bonet. Muna roƙon su faɗa mana wace jif ce ta fi kwana a garejinsu, wace ce kuma ba sa gani sai ranar juyen baƙin mai. Dattawanmu da suka hau Landuroba a zamanin En'e su ma su ba mu labari. Wanda kuma yake da guda a fake a ƙofar gida, ya faɗi abin da ya tsayar da ita, wataƙila a cikinmu akwai mai maganinta.

Allah ya tsare mu a kan hanyoyinmu, ya ba mu abin hawa mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.